Tasalla Mai Lamba Shida

Shagon cajin waya na Ɗanjuma, bakin tasha,
inda jiragen Yawuri ke sauke buhunan albasa,
nan na kai Inna Hajo wata Asabar da la'asar.
Ƙaurin bandar kifi bai bar zanenta ba.
Ta ce a matso da benci, idonta ya fara gazawa.

Ga ta nan, Inna, mai koriyar riga, lamba shida,
'yar Ɗantani, yayana da ya tafi karatun likita
ya auri Baturiyar Ailan, ya zauna ƙasar yayyafi.
Can suna ce mata Tes.
Inna ta ce, "Tasalla na raɗa mata ta waya,
ran ƙaramar salla aka yi haihuwa."

Zari-ruga sunan wasan.
Bakwai nan, bakwai can, fili ya kai fadamar shinkafa,
minti bakwai a juya, minti bakwai a tashi.
Ƙwallon kamar gwanda,
in ya taɓa ƙasa ya fi tarwaɗa zillewa.

Inna ta daɗe tana kallo, haɓa a tafin hannu.
"Gaba suka nufa, me ya sa suke jifa baya?"
Ɗanjuma ya ce doka ce. Ni na rasa ta cewa.
Sai ta yi dariya har tari ya sarƙe ta:
"Ashe 'yan jirgi ne!
Filafili baya yake tura ruwa, kwalekwale ya yi gaba.
Haka kakanta ya yi ta ƙetare Kwara
shekara arba'in, bai taɓa kifewa."

Sai gwandar ta faɗo hannun Tasalla a gefen layi.
Ta goce wa ta farko,
ta biyu ta cafki iska,
ta uku ta riƙe mata ƙugu, ta ja ta kamar koma cike.
Ta yi tsalle za ta dire a bayan layi,
sabis ya ɗauke.
Ta tsaya cak a sama, ƙafa biyu ba ƙasa,
Inna na tsaye, guɗa a maƙogwaro, ta ƙi fitowa.

Maki biyar ne. Sai da magariba muka ji.

Daga ranar na buɗe mata shafi
a bayan littafin da nake rubuta bashin gyaran inji:
Dubai, Kef Tawun, Sidni, Faris,
tsakanin kuɗin fulogi da galan ɗin baƙin mai.
Wasa sittin da ɗaya na ƙirga,
har waɗanda ta ƙare a benci tana cizon yatsa,
har wanda aka lallasa su, ta fita ba ta kalli kowa.

Gwiwar ta tafi ne a Bankuba, ƙarfe ukun darenmu.
Ni kaɗai na gani, ban tashi Inna ba.
Da asuba ta ce, "Na yi mafarki taru ya yage."
Ta ƙulla man kaɗanya da busasshen ragon ruwa,
muka ba wani mai tafiya.
A filin jirginsu aka ƙwace kifin,
man ne kawai ya samu wucewa.

Bara rigar ta iso cikin kwali, wuyanta da ɗinki.
Daren nan Tasalla ta kira, fuskarta cike da waya,
ta haɗo Hausarta duka ta ce, "Kaka, ina kwana?"
An yi isha'i tuni.
Inna ta ce, "Lafiya lau, ya sanyin safiya?"
ta harare mu kada wanda ya yi gyarawa.

Ba ta taɓa ganin Kwara ba.
Ta ce sai ruwa ya janye, sai gwiwa ta yarda da tsani.
Rigar na rataye a ɗaka, nesa da hayaƙi.
Jiya Inna na juya kifi a kan waya, ba ta dube ni ba,
ta ce, "Gaya wa Ɗantani ya yi gudu, ya isa.
Ya waiwayo ya jefo baya.
Ga mu nan a gefen layi,
hannu a buɗe, muna jiran cafewa."